Tura bidiyo daga waya zuwa waya: hanyar ta yi kaɗan, amma kada a ba kamfanonin layi makullinta

A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin layi su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. An yi ƙorafi, ƙungiyar ƙwadago ta yi barazanar zanga-zanga, daga baya kowa ya haƙura ya ci gaba da saye. Sai dai akwai wata kasuwar bidiyo da ƙarin bai taɓa ta da ko kwabo ba. Ita ce wadda ke ci a majalisar samari, a ɗakunan kwanan ɗalibai, a shagunan masu tura fina-finai, da cikin motar haya a hanyar Kano zuwa Katsina. Wa'azi, barkwanci, sabon kashi na shiri mai dogon zango, ƙwallayen da aka ci jiya da dare, bidiyon bikin ƙawa: mutum ɗaya ya ƙona datarsa ya sauke, goma su kwasa ta Xender. Kayan ba sa bi ta ƙarfen sabis, ba sa kuma shiga lissafin kowane kamfani.

Da yake kyauta ne, an ɗauka ba shi da iyaka. Yana da ita. Duk wanda ya taɓa gwada tura fim a cikin cunkoson kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya san fayil ɗin da ke wucewa cikin minti biyu a gida zai iya cin kwata na awa a can, wani lokacin ma ya yanke a tsakiya. Akan ɗora laifin kan wayar, ko a ce manhajar ce ta lalace, a goge ta a sake saukewa. Mafi yawan lokuta ba laifinsu ba ne. Iskar da ke tsakanin wayoyin biyu ce ta cika, kuma yadda ake rabon wannan iska magana ce ta siyasa da kuɗi kafin ta zama ta injiniyoyi.

Duk na'urar da ke magana ba tare da igiya ba tana amfani da wani yanki na zangon rediyo, kamar yadda kowace tashar FM ke da mitarta. Zangon ba ya ƙaruwa, don haka gwamnatoci ke yanka shi suna rabawa. Wani yankin ana sayar da shi da lasisi, mai shi kaɗai ke shiga. A gwanjon da NCC ta yi a watan Disamban 2021, MTN da Mafab kowannensu ya biya dala miliyan 273.6 don samun MHz 100 a zangon GHz 3.5, wanda ake tafiyar da 5G a kansa. Wani yankin kuma an bar shi fili, kowa ya shiga ba tare da neman izini ba, muddin bai ɗaga murya ta wuce ƙa'ida ba. Asalin wannan fili abin dariya ne. A 1985 hukumar sadarwar Amurka ta buɗe wa jama'a wasu zangunan da ake ganin ba su da amfani, saboda injinan asibiti da na masana'antu da murhun ɗumama abinci na lantarki sun cika su da hayaniya. A wannan juji aka gina Wi-Fi da Bluetooth. A kansa kuma Xender, SHAREit, XShare na wayoyin Tecno da Infinix, Quick Share da AirDrop duk suke tafiya har yau.

Yadda suke aiki ba shi da wuyar ganewa. Ɗaya daga cikin wayoyin tana mayar da kanta ƙaramar tashar Wi-Fi, ɗayar ta haɗu da ita, sai kaya su wuce. Quick Share da AirDrop sukan fara da Bluetooth don wayoyin su ga juna su gaisa, sannan su koma Wi-Fi don ɗaukar kayan nauyi. Dalilin komawar a fili yake. Bluetooth na gargajiya da ƙyar yake wuce megabit 2 a daƙiƙa, wato fim mai MB 700 zai kusa cin minti 47. Waɗanda suka yi zamanin Nokia ba sa buƙatar a tuna musu. A Wi-Fi mai tafiyar MB 5 a daƙiƙa kuwa, fim ɗin zai ƙare cikin minti biyu da daƙiƙa ashirin.

Amma wannan gudun na wanda ya samu hanya shi kaɗai ne. Zangon GHz 2.4, inda mafi yawan ƙananan wayoyi ke haɗuwa, duka faɗinsa bai wuce MHz 83.5 ba. An raba shi kafofi 13, amma kafofin suna hawa kan juna, domin tazarar da ke tsakaninsu MHz 5 ce alhali kowace tana buƙatar kusan 20. Waɗanda ba sa taka juna uku ne kacal a tsarin da aka saba: ta 1, ta 6 da ta 11. Titi mai hannu uku ke nan. A kansa ne MiFi na mai shago yake, da hotsifot ɗin duk wanda ke raba wa abokinsa data, da abin sauraron kiɗa na kunne, da agogon hannu, da lasifikar mai sayar da maganin gargajiya. Bluetooth ma ba ya zama wuri ɗaya, yana tsalle tsakanin ƙananan kafofi 79 har sau 1,600 a daƙiƙa guda, yana ratsa titin kamar ɗan acaɓa.

Kuma titin ba shi da ɗan KAROTA. Dokar Wi-Fi ita ce kowa ya saurara kafin ya yi magana. Waya takan kasa kunne, idan ta ji wata na aikawa sai ta jira, idan hanya ta yi shiru sai ta ƙara jiran wani ɗan lokaci da ta zaɓa ta hanyar ƙuri'a, sannan ta aika. Idan biyu suka aika a tare, saƙonnin suka yi karo, kowacce ta tsawaita lokacin jiranta ta sake gwadawa. Ladabi ne mai kyau a majalisar mutum biyar. A taron mutum ɗari biyu, rabin lokacin yakan ƙare a jira da karo da maimaici. Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan ban haushi. Wi-Fi yana raba damar yin magana ne daidai wa daida, ba ya raba lokaci. Tsohuwar waya da ke nesa da abokiyar turinta tana aikawa a hankali, don haka duk sanda layi ya zo kanta takan riƙe hanyar tsawon lokaci, sabuwar wayar da ke gefe kuma dole ta jira. Kamar famfon unguwa ne da aka ce kowa ya cika mazubi ɗaya, sai wani ya zo da duro kuma ruwansa ɗiga yake yi.

Bidiyo ya fi komai shan wahala a irin wannan hanya, saboda nauyinsa da kuma yadda ake son sa. Da wuya a ga bidiyon da mutum ɗaya kawai ke nema. Idan wakilin aji ya samu bidiyon lacca mai MB 200, ɗalibai talatin ne za su kewaye shi. Iskar rediyo a ɗabi'arta kowa na kusa yana jin abin da aka aika, don haka a ƙa'ida sau ɗaya ya kamata a tura kowa ya ɗauka. Sai dai aikawa ga jama'a a Wi-Fi na tafiya ne a mafi ƙarancin gudu, kuma ba mai amsawa cewa ya samu, shi ya sa galibin manhajoji suke tura wa kowa kwafinsa daban. MB 200 ya zama GB 6 a kan titi mai hannu uku.

Injiniyoyin sadarwa sun daɗe da sanin wannan, kuma suna da amsa mai tsari. Ƙungiyar 3GPP, wadda ke rubuta ƙa'idojin 4G da 5G, ta shigar da magana kai tsaye tsakanin waya da waya cikin fitowar ƙa'idojinta ta 12, wadda aka kammala a 2015. Sun kira tsarin ProSe, hanyar da wayoyin ke bi kuma ana iya kiranta hanyar gefe, tunda ba ta hawa zuwa ƙarfen sabis ba ta kuma saukowa daga gare shi. Kamfanin Qualcomm ya yi ta tallata shi da sunan LTE Direct. A nan ba a barin kowa ya yi ta kansa. A 4G an yayyanka iskar ƙananan gonaki, kowacce faɗinta kHz 180, tsawonta rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kafa mai MHz 20 tana ɗauke da irin waɗannan gonaki 100 a jere, kuma ana sake rabon su sau dubu a kowace daƙiƙa. A salo na farko, ƙarfen sabis ne ke rabon, kamar ɗan kamasho a tasha: wannan waya ta ɗauki waɗannan gonaki a wannan lokaci, da wannan ƙarfin murya, waccan ta jira. A salo na biyu an ware wa wayoyin wani fili, su zaɓa da kansu daga ciki.

Kyawun salo na farko ba ya ɓoyuwa. Mai rabon ya san wa ke kusa da wa. Idan wayoyi biyu suna tura wa juna a Sabon Gari, wasu biyu kuma a Fagge, zai iya ba su gona guda a lokaci guda, domin raɗa suke yi, ba za su ji juna ba. Zai iya ba mai kallon kai tsaye rabo mai ɗorewa don kada hoto ya tsaya, ya ba mai tura fayil ragowar, tunda shi jinkirin daƙiƙa ɗaya ba ya cutar da shi. A ƙa'idojin 5G ma an ƙara damar aikawa ga rukuni tare da jin amsa daga waɗanda saƙo bai isa gare su ba, abin da wakilin ajin nan yake buƙata ke nan. Tun wajajen 2012 wasu masu bincike a Jami'ar Kudancin Kaliforniya suka nuna cewa tunda 'yan bidiyoyi kaɗan ne yawancin mutane ke kallo, idan wayoyi suka ajiye su suna miƙa wa maƙwabta, nauyin da ke kan ƙarfen sabis zai ragu sosai. Abin da suka kai gare shi da lissafi, samarin Kano da Zinder sun riga su aiwatar da shi da hannu.

To ina tsarin yake? Fiye da shekara goma bayan rubuta shi, ba a sayar da wayar talakawa mai tura fim ta hanyar gefe. Fasahar ta koma wajen jami'an tsaro da masu kashe gobara, waɗanda ke buƙatar magana idan ƙarfen sabis ya faɗi, sannan ta koma wajen motoci masu gargaɗin juna a kan titi. Dalilin ba ya da nisa. Hanyar gefe tana bi ne ta zangon da kamfanin layi ya saya, galibi ɓangaren da wayoyi ke aikawa sama. Kamfanin da ke sayar da data a kan kowane GB ba shi da abin da zai ci idan wayoyi biyu suka yi cinikinsu a bayan idonsa. Ko dai ya ƙi buɗe hanyar, wanda shi ne abin da ya faru, ko kuma ya buɗe ya sa mata mita.

Nan ne ya kamata masu ɗokin wannan fasaha su tsaya su yi tunani. Wanda ke rabon hanya shi ke riƙe da makullinta. A tsarin 3GPP waya ba ta shiga hanyar gefe sai da izinin kamfanin layi, kuma ko filin da ake zaɓa da kai, kamfanin ne ke shata shi. A farkon tsarin, aiki a inda babu sabis kwata-kwata an keɓe shi ne ga na'urorin jami'an agaji da tsaro. Mutanen Zamfara sun san ma'anar wannan fiye da kowa. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, rufewar ta kuma shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, abu ɗaya tabbatacce ne: a waɗannan makonni duk abin da ya dogara da ƙarfen sabis ya mutu, amma wayar da ke da bidiyo a memorinta ba ta daina iya miƙa wa ta kusa da ita ba. Haka ma a ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da manyan igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gabar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice, shagon mai turi bai rufe ba.

Kamfanonin layi suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Wanda ya biya dala miliyan 273.6, yana kuma zuba dizal a dubban injinan janareta don ƙarafan sabis su ci gaba da aiki, ba za a ce masa ya bar jama'a su yi kiwo a gonarsa kyauta ba. An yarda. Amma wannan hujjar da kanta ita ke nuna cewa gyaran ba a gonarsa yake ba. Makiyayar jama'a ce ta yi kaɗan, ita ya kamata a faɗaɗa.

An fara faɗaɗawar da zangon GHz 5. Wayar da ke da shi za ta iya buɗe kafa mai faɗin MHz 80, gudun da ke rubuce ya kai megabit 433 a daƙiƙa da eriya ɗaya, maimakon 72 na kafar MHz 20 a GHz 2.4. Ko da rabin wannan aka samu a aikace, fim ɗin nan mai MB 700 ba zai kai minti ɗaya ba. Siginarsa kuma ba ta ratsa bango da nisa, wanda aibi ne ga mai MiFi a babban gida amma alheri ne ga masu turi, domin hayaniyar maƙwabta ba ta iso su. Sai dai babban kaso na wannan zango ana tarayya ne da na'urorin hangen yanayi da na jiragen sama, kuma wayar da ta zama hotsifot takan guje masa. Abin da ke saura a aikace manyan kafofi ne kamar guda biyu. Ya fi da, amma ba zai daɗe bai cika ba.

Babban filin da ake jayayya a kansa yanzu shi ne GHz 6. A watan Afrilun 2020 Amurka ta buɗe shi gaba ɗaya, MHz 1,200, ga Wi-Fi. Turai ta buɗe ƙasan kawai. A taron rabon zango na duniya da aka yi a Dubai a ƙarshen 2023, an ware saman zangon, daga MHz 6425 zuwa 7125, ga kamfanonin layi a yankin da ya haɗa da Afirka. Saura ƙasan, kusan MHz 500. Maroko, Kenya da Afirka ta Kudu sun buɗe shi ga jama'a, NCC ma a 2024 ta bayyana cewa Najeriya za ta bi sahu. Wannan kaso kaɗai yana ɗaukar kafofi shida masu MHz 80, ko 24 masu MHz 20. Idan aka kwatanta da titi mai hannu uku, wata duniya ce.

Amma buɗewa iri-iri ce, kuma a ƙananan rubutun ƙa'ida ake cin mutum. Izinin GHz 6 yana zuwa ne a rukuni-rukuni. Akwai na tashoshin Wi-Fi na cikin gini, waɗanda ke jone da wuta, ba sa yawo. Wannan na ofisoshi ne da otal-otal da gidajen da ke da intanet na igiya. Akwai kuma na na'urori masu ƙaramar murya sosai, kimanin miliwat 25 a ƙa'idar Turai, waɗanda aka yarda su yi magana da juna kai tsaye a ciki ko a waje. Wannan na biyun shi ne na mai tura bidiyo a bakin titi. Turai ta sa shi tun a shawararta ta 2021, Amurka kuwa sai a ƙarshen 2023 ta amince da shi, fiye da shekara uku bayan ta buɗe zangon. A ƙasar da yawancin mutane ba su da Wi-Fi a gida, wayar ce tasharsu kuma ita ce kwamfutarsu, rukuni na biyun ya fi na farko muhimmanci, kuma shi ya kamata 'yan jarida da ƙungiyoyin masu amfani da waya su riƙa tambaya a kai duk lokacin da NCC ko ARCEP ta Nijar suka kira taron jin ra'ayi. Kamfanonin layi ba sa fashin irin waɗannan tarurruka. Mai Xender ne ba ya da wakili.

Ko an buɗe zangon, sai wayar ta iya shigarsa. GHz 6 na buƙatar Wi-Fi 6E ko abin da ya fi shi, wanda har yanzu na wayoyi masu tsada ne, kuma ko waya tana da shi, kamfanin da ya ƙera ta yakan kulle shi a ƙasar da ba ta ba da izini ba, sai ya aiko da sabuntawa. A ƙasan kasuwa kuwa, akwai sababbin wayoyi masu araha da ko GHz 5 ba su da shi. Mai saye yana tambayar girman memori, yawan kyamara da ƙarfin batir, ba ya tambayar wannan, mai shago ma sau da yawa bai sani ba. NCC ce ke tantance kowane samfurin waya kafin a halatta sayar da shi a Najeriya. Ba abu ne mai wuya ba ta wajabta a rubuta zangunan Wi-Fi a jikin kwali da manyan baƙaƙe, daga baya kuma ta sa wa'adin daina shigo da mai zango ɗaya. Za a ce hakan zai ƙara farashi. Zai ƙara, kaɗan. Amma wayar da ba ta iya fita daga GHz 2.4 ba mai ita kaɗai take jinkirtawa ba, har da duk wanda ke kusa da shi, kamar yadda mai duron nan ya tsayar da layin famfo.

Saura batun mai rabon hanya. Ashe ana iya samun tsari ba tare da shugaba ba. Ƙa'idar Wi-Fi Aware, wadda ta fito a 2015 kuma Android ya karɓe ta tun daga siga ta 8, tana sa wayoyin da ke wuri ɗaya su daidaita agogonsu, su farka tare na ɗan ƙanƙanin lokaci kusan kowane rabin daƙiƙa a kafa ta 6, su sanar da abin da suke da shi, sannan masu ciniki su yi alƙawarin lokaci da kafar da za su haɗu su bar wurin. Ba ta kai rabon ƙarfen sabis tsafta ba, amma ba ta neman SIM ba ta kuma neman izinin kowa. Apple ya daɗe yana amfani da irin wannan dabara a AirDrop, sai dai ya killace ta ga wayoyinsa. Sai da Tarayyar Turai ta matsa masa da dokar kasuwannin dijital kafin ya shigar da Wi-Fi Aware cikin iOS 26, kuma a watan Nuwamban 2025 Google ya sanar cewa Quick Share na wayoyin Pixel 10 ya fara magana da AirDrop. Katangar da aka yi shekaru ana cewa ta fasaha ce ta fara tsagewa cikin 'yan watanni da hukuma ta sa baki.

Akwai masu adawa da sauƙaƙa turi, kuma mafi ƙarfin hujja a cikinsu 'yan Kannywood ne. Kasuwar faifan CD ta mutu, masu shirya fina-finai da yawa sun koma YouTube, inda kuɗinsu ya dogara da yawan kallo. Duk kwafin da ya wuce ta Xender kallo ne da ba a ƙirga ba, talla ce da ba a biya ba. Wannan asara ce ta gaske ga mutanen da suka zuba jari. Amma ƙuntata hanyar ba zai sa wanda ba shi da kuɗin data ya samu kuɗin ba, zai jira minti goma sha biyar ne maimakon biyu. An taɓa gwada wata mafita. Manhajar YouTube Go, wadda ta iso Najeriya a 2017, tana barin mutum ya tura wa na kusa da shi bidiyon da ya sauke, mai karɓa ya kashe 'yar data kaɗan kawai don a tantance bidiyon. Kayan sun bi ta iska kyauta, amma manhajar ta san sun wuce. Google ya rufe ta a 2022. Dandalin fina-finan Hausa da zai farfaɗo da wannan dabara, ya mayar da mai shagon turi dillalinsa mai samun kamasho, zai fi wanda ke jiran ranar da kowa zai iya kallon awa biyu a kan data.

Batun tsaro ma gaskiya ne. A 2021 kamfanin Trend Micro ya bayyana ramuka a manhajar SHAREit da za su iya ba ɓarawo damar shiga bayanan mai waya. Indiya ta haramta SHAREit da Xender tare da wasu manhajojin China a watan Yunin 2020. Bridgefy, wadda masu zanga-zanga suka rungume a Hong Kong da kuma lokacin EndSARS, masu bincike a Landan sun nuna a 2020 cewa ana iya karanta saƙonninta a kuma gano wa ke magana da wa. Bidiyon ƙarya da na cin mutunci suna yawo ta wannan hanya ba tare da wanda zai iya goge su ba. Sai dai rabin waɗannan matsaloli sun taso ne saboda mutane sun dogara da manhajojin waje masu cike da talla, masu neman izinin shiga ko'ina a waya, don kawai tsarin wayar bai ba su hanya mai sauƙi da ke aiki tsakanin kowane samfuri ba. Kuma mai makulli ba lallai ya zama kamfanin layi ba. A watan Nuwamban 2022 Apple ya taƙaita karɓar AirDrop daga kowa zuwa minti goma a China, a lokacin da masu adawa da gwamnati ke amfani da shi wajen yaɗa hotuna, wata guda bayan haka ya faɗaɗa taƙaitawar zuwa duniya. Sabuntawa ɗaya ta isa. Ƙa'idar da kamfanoni da yawa ke tarayya a kanta ta fi wuyar murɗewa da dare ɗaya.

Kafin hukumomi su motsa, mai waya yana da ɗan rabon da zai iya yi da kansa. Idan wayoyin biyu suna da GHz 5, a kunna shi a saitin manhajar ko na hotsifot, domin da yawa suna farawa ne a 2.4 don gudun kada tsohuwar waya ta kasa haɗuwa. A kusanto da wayoyin, saboda sigina mai ƙarfi tana nufin gudu mai yawa da ɗan lokaci a kan hanya. A cire abin kunne na Bluetooth har a gama. Wakilin ajin nan kuma kada ya tsaya yana tura wa mutum talatin ɗaya bayan ɗaya. Ya ba ɗaya, su biyun su ba biyu, huɗun su ba huɗu, a zagaye na biyar mutum 32 sun samu. Sharaɗin kawai shi ne su watse, wasu a bayan aji, wasu a baranda, wasu a ƙarƙashin bishiya, domin idan suka cunkushe a benci ɗaya a kafa ɗaya, layin famfon ne dai suka sake jerawa.